Azarar da Aka Rufe da Silin a Ɗakin Kudu

Zuwa ga Alhaji, mai gidan haya na lungunmu da ke kusa da Ƙofar Ruwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ta jarida ne don wakilinka ya hana ni lambarka, maganar kuwa ba ta jira. Ni ne mai wankin hular da ya zauna a ɗakin kudu na gidanka shekara da shekaru, na tashi bayan ƙaramar Sallah.

Na farko. Ɗakin nan ginin ƙasa ne, rufin azara. Gara ta cinye azarar tsakiya, in ka ƙwanƙwasa ta sai ka ji kamar ƙwarya. Na faɗa wa wakili har bakina ya gaji, kullum amsarsa ɗaya, wai tsarin gidan ba a gyara sai ɗan haya ya tashi. Dole na sayo gungumen ice na tokare ta, muka yi ta zagaye shi damina bayan damina.

Na biyu. Ranar da na miƙa makulli, wakili ya riƙe naira dubu talatin cikin kuɗin ajiyata, wai na ɓata ɗaki da ice. Wallahi na ji ciwo, amma na haƙura, na ce ai da su za a sauya azara. Ashe ba haka ba ne. Na koma ɗauko sauran kayan aikina na tarar an cire icen, an buga silin fari tas a ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar azarar, an shafe bango da fenti. Indararon da ke zubar da ruwan saman ma an toshe shi da siminti, wai zai ɓata sabon fenti. Haba Alhaji! To ruwan ina zai bi? Kwanciya zai yi a sama yana jiƙa ƙasa, ƙasar ta yi nauyi a kan azarar da ko kanta ba ta iya ɗauka.

Na uku, shi ne ya hana ni sukuni. Wataƙila ba ka taɓa ganin ɗakin ƙasa ya rufta ba. Ni na gani. Ina cikin waɗanda suka tono maƙwabcinmu Malam Ado mai shayi da hannu, wata damina da ta wuce. Ba wata ƙara ake ji ba, gum ɗaya ne, sai shiru. Da muka kai gare shi, bakinsa cike yake da jar ƙasa. Har yau in ruwan fari ya sauka, mutane na yaba ƙamshin ƙasa, ni kuwa sai in ji hannuna na ƙaiƙayi kamar ƙasar tana nan a farcena.

Yanzu wata baiwar Allah ce a ɗakin, mijinta ya rasu, tana tare da 'ya'yanta. Na je na yi sallama na gaya mata. Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta yi mini kallon mai baƙin cikin ɗakin da ya bari. Ban ga laifinta ba. Ɗaki ya yi kyau, ta kuma biya kuɗin shekara har da ƙarin da aka yi da sunan gyara.

Alhaji, ba kuɗina nake nema ba, na yafe. Ina roƙonka ka turo magini, ba mai fenti ba, ya ɓalle silin ya gani da idonsa, a buɗe indararo, a sauya azara. Nan gaba kuma in za a gyara ɗaki, a tambayi wanda ya tashi, shi ya san ciwonsa.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare ka da ɗaukar alhakin rai. Don Allah ka hanzarta, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Yaran in sun ji ƙasa na zubowa za su iya gudu. Amma ranar da na je na hango mahaifiyar matar kwance a tsakiyar ɗakin, ɓarin jikinta a shanye, sai an ɗaga ta take zama.

Wassalam, daga tsohon ɗan hayarka,
Sabi'u mai wankin hula.