Tsagar Hajiya Falmata

Azare, daren Laraba, Yuli 2007

Na kwanta amma ina ta kallon yatsan nan nawa. Wata guda ke nan da na fara gyaran hoto a kwamfutar shagon hoton da nake aiki.

Yau Hajiya Falmata, maƙwabciyarmu 'yar Borno, ta zo karɓar hoton da za ta aika wa ɗanta. Na riga na goge tabo da tamoji, garin zaƙewa har tsagar kumatunta na shafe. Fuska ta yi sumul, ni kuwa ina jiran yabo.

Ta daɗe tana kallon kwamfutar, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan 'yar gidan waye?"

Kunya ta rufe ni. Na yi ta danna maɓallin komawa baya da yatsan nan, tsaga tana dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa kumatunta, ta shafa gilashin kwamfutar.

"Ikon Allah. Da wanzami ya yi mini ita, an ce kwana bakwai na yi ina kuka. Kai ka cire, ka mayar, ko ɗigon jini babu."

Tamojin ma ta ce in mayar mata. Wai shekara saba'in ta yi tana tara abinta.