Na Buga Lambar Da Ke Jikin Kofi, An Rage Wa Jikata Aiki

Malama mai filin shawara,

Ki taimaki tsohuwa. Na yi ɓarna da bakina, kuma yau sati uku ke nan ina kwana ɗaki ɗaya da wadda na yi wa ɓarnar, ba ta sani ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya, sauran a jikin kwalin magani na koya.

Jikata ce, 'yar ɗiyata marigayiya, ni na goye ta. Tun tana ƙarama nake ce mata Hawainiya, don in ka aike ta sayen ashana, gara ka ari wuta a maƙwabta, za ka sauke tukunya kafin ta dawo. Yanzu shekararta ashirin da uku, tana aiki a irin shagunan nan na soyayyar kaza da dankali, waɗanda duk garin da ka je iri ɗaya ne, har murmushin. Hawainiya fa, a wurin da agogo ke ƙirga daƙiƙa a saman kanta! Ranar da ta gaya mini na yi dariya har da hawaye. Da albashinta muke ci, mu biyu.

Wata biyu da suka wuce mariƙin kwandon suya ya ɓalle, tafasasshen mai ya kwaro mata daga wuyan hannu har gwiwa. Aka naɗe da bandeji, aka ce ta ƙarasa aiki don layi ya yi tsawo. Ashe sun daɗe suna ɗaure kwandon da waya. Wai mai shago ba shi da izinin sayen wani a kasuwa, sai na kamfanin da shagon ke ɗauke da sunansa, na kamfani kuma kullum yana hanya. Ni nake wanke mata ciwon. Ina tsokanarta cewa yanzu ko ta ɓata a kasuwa zan gane kayana, ba ta dariya, ba ta kuka. In ta dawo sai ta cire hula, ta zauna a bakin gado tana kallon bango, warin mai ya cika ɗaki.

Wata rana ta shigo da kofin takarda na shagon, na ga an rubuta a jiki wai a gaya musu yadda suka yi wa mutum, ga lamba. Na ce yauwa, ga masu gida. Ai sunansu ne a ƙirjin rigarta, a hularta, har a takardar goge baki. Na jira ta fita, na buga. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ɗauka. Na zazzage mata komai, har na ɗan ƙara gishiri, halina ne. Ta tambayi sunan jikata da unguwar da shagon yake, na faɗa mata a hankali, sau biyu, don kada ta yi kuskure. Ta ce abin ya taɓa su ƙwarai, amma jikata ba ma'aikaciyarsu ba ce, ta mai shago ce, shi izinin amfani da sunansu kawai ya saya. Za su miƙa masa ƙorafin. Ban gama ajiye wayar ba saƙo ya shigo: cin abinci sau ɗaya kyauta, saboda ɓacin ran da na samu.

Bayan kwana huɗu aka liƙa sabon jadawali. Hawainiya da ke zuwa kwana shida ta koma biyu. Ba wanda ya gaya mata dalili. Tana tsammanin hannun ne ya ƙara mata nawa, har ta kan zauna da safe tana buɗe yatsu tana dunƙulewa, wai su saki. Kwando kam an sa sabo.

Ga abin kunyar. Na je wani reshe na ci abincin kyautar. Na zauna kusa da taga na cinye tas, ban ji gishiri ba, ban ji yaji ba. Ni da sai iyaye sun zo da faɗa suke raba yara da ƙofata saboda labari, yanzu in na buɗe baki ba abin da ke fitowa. Ba na jin tsoro, ba na jin haushi, ba na jin komai, shi ma ya sa na rubuto.

In gaya mata? In je in durƙusa wa mai shago? Kuma ki warware mini wannan: wane ne ubangidan yarinyar nan, mai suna a rigarta ko mai liƙa jadawali?

Kakar Hawainiya

AMSA

Sannu, Kaka. Rubutunki ya fita tsaf, ba sai kin nemi afuwa ba.

Ki gaya mata, yau, kafin ta sake fita aiki. Mai shago ya san wanda ya buga waya, kuma da wuya a ce shi kaɗai ya sani. In ta ji a bakinsu a gaban abokan aiki, ciwon zai fi na man. Bayan haka, kowace safiya da kika yi shiru, tana ɗora wa hannunta laifin da ba nasa ba. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya, don kin ba da sunanta ba tare da kin tambaye ta ba. Kada ki mayar da abin wasa, kada ki fara da cewa don ita kika yi. Ki ce kin yi kuskure, ki tsaya nan.

Amma kada ki kwashi laifin wasu ki haɗa da naki. Ba ke kika ɗaure kwando da waya ba. A takarda, mai shago ne ya ɗauke ta aiki. Shi ma a matse yake, ban musa ba: kamfani ke tsara masa inda zai sayi kaya da daƙiƙun da zai sallami mai saye, sannan ya cire kasonsa daga ciniki. Sai dai matsi bai tilasta masa mayar da mai ƙuna bakin suya ba, bai kuma tilasta masa rage mata kwanaki don an yi magana ba. Wannan shi ya zaɓa. Kamfanin kuma da ya damu da launin dankali da irin murmushin da za a yi, ba zai ce bai iya ganin hannun mai suyar ba. Wanda ya tsara yadda za a yi aiki yana da kaso a abin da aikin ya yi wa mutum. Don haka su biyun ne, kowa yana laɓewa a bayan ɗan'uwansa.

Kada ki durƙusa wa kowa, kada kuma ki sake buga lambar kofi. Ta masu saye ce, shi ya sa aka lallashe ki da kaza. In jikarki ta yarda, ku haɗa hoton hannun, da takardar asibiti in akwai, da jadawali tsoho da sabo. Saƙon da aka turo miki kada ki goge, ranar da ke jikinsa shaida ce. Ta je ofishin ƙwadago ko ƙungiyar ma'aikata mafi kusa, ta tambayi abin da dokar wurinku ta ce kan rauni a bakin aiki da rage wa mutum aiki don an kai ƙara. In akwai abokan aikinta da suka san zancen kwandon, su sa hannu tare a wasiƙa zuwa kamfani. Rage wa mutum biyar aiki a rana ɗaya ya fi wuya.

Ba zan yi miki alkawarin za a mayar mata da kwanakinta ba, tana iya rasa biyun ma. Ta fara cigiyar wani wuri a gefe. Kuma wannan karon ita za ta yanke shawara. In ta ce a bari, ki bari.

Rashin jin komai da kike fama da shi, ina zaton nauyin ɓoyo ne da gajiya. In ya daɗe bayan kun yi magana, ki je asibiti ki faɗa, ba abin kunya ba ne.

Allah ya warkar da hannun, ya buɗa muku wata ƙofa, ya ba ki ƙarfin zama a gabanta kina sauraro har ta gama, ko da abin da za ta faɗa ba zai yi miki daɗi ba.