Kofin da Baba Ya Rantse Zai Sha

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Kin san ruwan rinin da masana'antar Baba ke zubarwa, wanda hukuma ta ce ko mu gyara ko ta rufe mu. To, na'urar da na haɗa ta fara aiki. Ana zuba wa ruwan wata farar hoda, a bi da shi ta bututun gilashi a ƙarƙashin fitilu, hasken ya sa hodar ta dinga farfasa dattin. Awa biyu, ruwan da ya shigo baƙi ƙirin sai ya fito garau.

Sai dai launin ne ke fara tafiya, gubar tana nan. Ina bukatar wata guda in ƙara fitilu. Na saka ƙananan kifaye goma a ciki, kafin la'asar duk sun juya ciki sama. Na nuna wa Baba, wai kifayen ne ragwaye! Kuma ya rantse ranar Laraba zai cika kofi da ruwan ya shanye a gaban masu binciken hukuma, don su ga babu guba. Mutumin da ƙodarsa ɗaya ce ke aiki! Don Allah ki kira shi, ke yana jin maganarki.

Ƙanwarki,
Uwar Kwalabe

Yaya,

Bayan gaisuwa, na gode da kiran, amma kin ƙara wa wutar fetur ne. Ya ce mun haɗe masa kai, ya karɓe mukullin ɗakin gwaji daga hannuna. Na san ma'aikatansa arba'in yake tausayi, amma wallahi ina jin haushinsa kamar in fashe. Jibi ne fa. Ki taya ni addu'a.

Taki,
Uwar Kwalabe

Yayata,

Ina gaishe ki, da fatan kun tashi lafiya.

Masu binciken sun zo su uku. Baba ya tara ma'aikata a bakin famfon na'urar, ya cika kofin yana ta murmushi. Ban san sanda na isa gabansa ba. Na karɓe kofin, na ce tunda ni na yi aikin, ni zan fara sha. Na kai shi baki, har ya taɓa leɓena.

Yaya, ban taɓa sanin Baba yana da zafin nama haka ba. Ya kaɗe kofin ya tarwatse a ƙasa, ya kama gefen rigarsa yana goge mini baki, yana tambayata ko na haɗiya. A gaban kowa.

Masu binciken sun ɗebi ruwan a kwalba, sun rufe mu sati shida. Baba bai ko kalle su ba. Sau huɗu ke nan yana leƙowa ɗakina ya ji ko cikina na ciwo.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Uwar Kwalabe