Motar Auta da Tudun Layinmu

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara masa sauƙin gwiwar nan, Ya raya mana zuri'a. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, har yanzu ita ke tashin gida kaf da safe, maganin hawan jinin ne dai sai an yi da gaske take sha. Maman yara lafiyarta ƙalau, babbar 'yata kuma ta gama jarrabawa tana jiran sakamako. Ni ma alhamdu lillahi, in ban da bayan nan nawa. Likita ya ce in rage sunkuyo, na ce masa to ya nemo mini kujerar motar da ake ɗinkawa a miƙe, in koma ita.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ce ba ta waya ba. In na ji muryarki zan kasa, in ɓige da ba ki labarin ruwan sama. Maganar Auta ce, ko in ce tawa ce ni da Auta. Kin san tun da harkar sola ta karɓe shi komai nasa ya canza, kullum motocinsa na kan hanya ana kafa wa mutane faifai a kan rufi. Ina yi masa murna, Allah shaida ne. Amma tun da ke ce, ba zan ɓoye miki ba, a ƙarƙashin murnar akwai wani abu da ke cizona. Ni na koya masa riƙe sitiyari a tsohuwar motar Baba, ina zaune a gefensa ina yi masa tsawa kan kuloci. Yau shekara ashirin da shida ina ɗinka kujerun motocin mutane, ban taɓa mallakar ko mai taya uku ba. In mun shiga wurin Inna tare, shi take fara tambaya ko ya ci abinci, ni kuwa ta tambaye ni ko na gyara mata ƙofar banɗaki. Kishi nake yi, Yaya Babba, kishin ƙanen da na goya.

Ran Litinin ta makon jiya ya zo shago ya ce in wanke hannu in raka shi, zai sayi mota. Ba irin wadda kika sani ba. Motar tsere ce mai kujera biyu, kwance take a ƙasa kamar ƙadangare, kuma ba a ɗaukarta a fito da ita kamar buhun siminti. Oda ake bayarwa, mai saye ya zaɓi fenti da fata da zare da duk wani tarkace, sannan kamfani ya ƙera masa tasa cikin wata bakwai. Ban tambayi kuɗinta ba, ke ma kada ki tambaye ni. A hanya ya ce shi fa ba auren motar zai yi ba, shekara uku zai more ta ya sayar, don haka duk abin da za a zaɓa sai an yi tunanin wanda zai saye ta a hannunsa. Ya ce abin da ya sa ya ɗauko ni ke nan, don babu wanda ya kai ni sanin yadda cikin mota ke tsufa.

Wurin nasu ƙasa ma ƙyalli take, har na riƙa duba takalmina. Akwai irin motar guda ɗaya a tsakiyar fili, ja wur, an kewaye ta da igiya. Na tsuguna kamar mai ɗaure takalmi na auna tsakanin hancinta da ƙasa, yatsa biyar ne da ƙyar. Daga nan wani siririn mai sayarwa, sai ƙamshi yake, ya kai mu wani ƙaramin ɗaki a can ciki. Auta yake ce wa ranka ya daɗe, ni kuwa ya kalli gam ɗin da ya maƙale a farcena ya nuna mini kujera da baki. Auta bai bari ta wuce ba, ya gaya masa wannan yayansa ne, kuma abin da na ce shi za a rubuta, ko da ya saɓa wa nasa ra'ayin.

Sai mutumin ya jawo wata durowa, ga guntayen fata a jere, sun fi kala talatin. Na ɗauki ɗaya. Yaya Babba, ba motar ce ta ƙona mini rai ba, fatar nan ce. Tun da nake sana'ar nan hannuna bai taɓa sauka a kan irinta ba, laushi kamar kuncin jariri, ba tabo, ba ƙuraje, ƙamshinta ma daban. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina lallaɓa roba a kan ruɓaɓɓen soso don ta yi kama da fata, ga ta gasken a hannuna, kuma wanda zai zauna a kanta ko bambancinsu bai sani ba. Auta yana gefe yana latsa waya, ya ce in zaɓa kawai, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Wannan duk ɗayan ne ya ƙarasa ni.

A kan fenti na faɗi gaskiya, na ce ruwan toka, don ba ya gundurar ido kuma kowane mai saye yana karɓarsa. Da aka zo kan fata kuwa, na san amsar tun kafin a tambaya: baƙa, ko ruwan ƙasa mai duhu, da zare kalar jikinta. Amma sai na ji bakina ya ce a sa mai launin madara, a bi ta da zare ruwan goro. Na fi kowa sanin halinta. Irin wannan fata shan rinin tufafi take yi, wata shida gefen kujerar direba ya dafe, shekara biyu duk wata tsaga ta fito fili, kuma ba sabulun da ke mayar da ita. Ga Auta da son wandunan nan masu shuɗi da ke zuba. Mai sayarwa ya ɗan yi gyaran murya, ya ce masu sayen ta hannu sukan guje wa wannan launi. Auta ya katse shi, ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, a rubuta.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai aka zo kan wata na'ura da ake sa wa motar, in ka danna maɓalli ta ɗaga hancin sama don ta haye tudu ko ta shiga ƙofar gida ba tare da ta goge ƙasa ba. Mai sayarwa ya ce kusan kowa yana sa ta, kuma ita ce tambayar farko da mai sayen ta hannu yake yi. Ni kuwa na gyara zama na ce ƙarin abin lalacewa ne kawai, yau ta yi yoyon mai, gobe ta maƙale a sama, kuma wanda ya iya tuƙi ba ya bukatarta. A raina ina hango tudun siminti biyun nan na hanyar ofishinsa, ina jin ƙarar da bambar za ta yi a kansu a gaban ma'aikatansa. Auta ya ce a soke ta. Mutumin ya soke, ya ce muna da zuwa ƙarfe huɗu na ranar Alhamis in za a canza wani abu, bayan nan takarda ta tafi kamfani, bakin alƙalami ya bushe. Lokacin bayana ya fara ciwo saboda gajeriyar kujerarsu, na miƙe da ƙyar ina dafe da ƙugu, na ce su ƙarasa sauran, ni zan taka a waje.

Kwana uku ina da dama. Na gaya wa kaina ai ba talauta shi zan yi ba, mai irin wannan hali in ya yi asara a mota ɗaya ko a jikinsa. Na ce ai ya kamata shi ma ya ɗanɗana yadda abu ke ƙin mutum. Maman yara ta lura ba na cin abinci sosai, ta tambaya, na ce baya ne. Ran Alhamis ina ɗinkin kujerar wata bas, waya tana kan keken ɗinki, agogon bango yana gabana. Sau biyu ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Ina kallo ƙarfe huɗu ta buga ta wuce. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wani sanyi da na ji a raina a lokacin, har na ƙarasa kujerar ina 'yar waƙa.

Ran Asabar sai ga Auta da takardar ƙarshe. Ya zauna a kan tarin soso da fararen kayansa, ko kakkaɓewa bai yi ba, ya miƙo mini ya ce in karanta layin kujeru, wanda aka cike bayan na fita. Ashe iri biyu ne. Akwai marar nauyi mai tauri irin ta 'yan tsere, wadda mai sayarwa ya rantse masa ita ke ɗaga darajar motar ranar sayarwa. Akwai kuma mai taushi, mai lanƙwasa ta ko'ina, mai tokare ƙugu har da ɗumama baya. Auta ya ɗauki ta biyun. Ya ce mutumin ya yi ta ja da shi, shi kuwa ya ce duk sauran abubuwan na mai sayen ta hannu ne, wannan guda ɗaya kuwa ba ta mai saye ba ce. Sai ya dube ni ya ce, “Yaya, na ga yadda ka tashi daga kujerarsu. Waccan mai taurin ko minti goma bayanka ba zai ɗauka ba, kuma kujera biyu ce a motar, ɗaya taka ce.”

Bai tsaya nan ba. Ya ce ranar da motar ta iso, ba ofis zai fara kai ta ba, ba gidansa ba. Kai tsaye zai shigo layinmu ya tsaya a ƙofar shago, in fito a gaban duk masu gareji in shiga, mu gangara ƙarshen layi ƙofar Inna ta sa mata albarka, daga nan ya ba ni sitiyari kamar yadda na taɓa ba shi. Yana magana yana dariya, ni kuwa idona yana kan bakin layi. Kin tuna tudun nan da aka yi don rage gudu, shekarar da mai babur ya kusa kwashe babbar 'yata tana rarrafe? Ni na tara mutanen layi, ni na tsaya a kan magini na ce ya ƙara masa tsayi, har ya ce ya yi yawa na ce ya ƙara. Motar haya ma sai ta karkace take haye shi. Ya fi taƙi guda, motar Auta kuwa yatsa biyar, kuma layin ba shi da wata mashiga. Da nake ba da shawarar, tudun ofishinsa na tuna, na manta da wanda na gina da hannuna. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ni nawa har siminti na sa masa.

Ran Litinin da sassafe na nemi lambar mai sayarwar na kira shi. Ya saurare ni cikin ladabi, ya ce takarda ta riga ta tafi, kuma na'urar ba abar da ake liƙawa daga baya ba ce, tare da ƙafafun gaba ake haɗa ta. Ya ƙara da cewa ai ya faɗa mana. Na yi tunanin in sami mutanen layi a fasa tudun, amma jiya na tsaya na ƙirga yara bakwai suna ƙwallo a bayansa, na san ko sun yarda ni ba zan yarda ba. Saboda haka motar za ta zo, da kujerar da aka yi wa bayana, ta tsaya a bakin titi. Bayan shekara uku kuma duk wanda ya zo saye zai tambayi na'urar, ya leƙa kujerun, ya ja da baya, Auta ya ce masa ai yayansa ne ya zaɓa.

Kada ki ɗauka kishin ya tafi. Ko jiya da ya wuce ya ɗaga mini hannu sai da na ji cizon nan, sai dai yanzu ya sami abokin zama, wato kunya. Abin da nake roƙonki, kada ki gaya masa, kada ki gaya wa Inna. Bakin da ya yi ɓarnar shi zai faɗa, kuma so nake in faɗa kafin motar ta iso, ba sai ta faɗa da kanta ba. Ke kika raine mu mu biyu, kin san inda ake taɓa shi. Ki rubuto mini ta inda zan fara, don duk sanda na shirya maganar sai ya shigo yana ce mini Yaya da fuskar nan tasa, in koma tambayarsa aiki.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da Likitan gidanku mai karatun dare da rana, da 'yan biyu, da takwarar Inna, ki ce mata Kawu bai manta da jakar makarantar da ya ce zai ɗinka mata ba. Inna tana gaishe ku, maman yara da yaran duk suna gaisuwa.

Za ki ga wani guntun fata a cikin ambulan. Auta ne ya karɓo mini shi a wurin masu motar, wai in ajiye tun da ni na zaɓa. Kwana biyar kawai ya yi a aljihun wandona. Ki duba gefensa, ya riga ya fara shuɗi.

Wassalam. Ni ne ƙanenki,
Mai Allura