Har Mangwaron Ya Yi 'Ya'ya

Jabi, Abuja
Oktoba, 2005

Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sadisu da yara. Na ba direban tasharmu wannan takarda ne don maganar ta fi ƙarfin katin waya.

Yaya, na kai Dominic kotu. Kin tuna shi, manomin nan mai filin da na gina shagona na labule da kafet a kai. Ranar da muka ƙulla yarjejeniya a gaban Malam Sadisu na ce masa mu yanke shekaru, sai ya nuna mini wani ɗan dashen mangwaro da bai wuce gwiwata ba, wai su haka suke lissafi: in gina in zauna ba haya, ranar da mangwaron ya yi 'ya'ya in bar masa wurinsa da ginin. Ni na sa shi? Shi ya faɗa da bakinsa. Yau bishiyar ta wuce rufin shago, ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Amma da wasu masu kuɗin Maitama suka zo neman filin za su gina rukunin shaguna, sai ga tsohon nan da takalmin roba, wai in tashi, zai ba ni wani ɗaki a Karmo. Ni, Karmo! Matan manya ne za su biyo ni cikin taɓo su zaɓi labule?

Na ɗauki lauya mai ofis a bene. Shi kuwa 'yarsa Margaret ce ke rako shi tana riƙe masa lema. Zaman farko alƙali ya tambaye shi ko an yi wannan magana, ya ce, "An yi, oga, ni ba na ƙarya." Shi ke nan, ya gama da kansa. Nan take lauyana ya roƙi umarni kada kowa ya taɓa filin ko bishiyar, ko da ganye ɗaya, har a yanke hukunci, don kada tsohon ya sare ta ya ce magana ta mutu. Aka ba mu. Sannan ya nemi a ɗage zama zuwa Afrilu, masu sayen su gaji da jira su kama gabansu.

Ki ce wa Malam ya shirya, zai zo ba da shaida. A gaida yara.

Ƙaninki,
Datti

Tudun Wada, Zariya
Nuwamba, 2005

Datti,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kuma takardarka ta iso. Na karanta na yi dariya, na sake karantawa kunya ta kama ni.

Yanzu Baba Dominic ne ya zama "tsohon nan mai takalmin roba"? Da ka sauka Abuja da jaka ɗaya da sallayar aro, a zauren wa ka kwana? Doyar wa ka ci har wuyanka ya yi kauri? A lokacin ban ji ka raina takalminsa ba.

Malam ba zai zo ba. Ya ce shekarar da ya kai maka ziyara ya same ka a kan tsani da adda, kana aske duk reshen da ya fara fure, ka ce masa wai suna rufe maka allon shago. Yaron shagonka kuma ya gaya masa duk shekara haka kake yi. In aka ɗora masa Alƙur'ani abin da zai faɗa ke nan, don haka zamansa a gida rufin asirinka ne. Ka gode masa.

Ina da tambaya, tun da kai ne mai wayon gidanmu. Wannan lauya naka mai bene, ka gaya masa abin da kake yi wa bishiyar? Kuma da alƙali ya ce kada kowa ya taɓa ta, ya cire sunanka ne daga cikin kowa?

Ka je ka durƙusa wa Baba Dominic, ka karɓi ɗakin Karmo tun yana nan. Taɓo bai taɓa kashe ɗan kasuwa ba. Ka gaida iyalinka, su nake tausayi.

Yayarka,
Zulai

Jabi, Abuja
Fabrairu, 2006

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi jinkirin amsa ne don raina ya ɓaci. Bakinki ba shi da kyau, Yaya, tun muna yara.

Bishiyar ta yi fure. Ban taɓa ganin ɗiban albarka irin wannan ba, kamar tana jirana. Tun da ta fara, dangin Dominic suka kafa benci a gindinta, suna gasa doya suna hayaƙe mini labule. Mutanen da ba su san farashin yadi ɗaya na kafet ba, su ne yau ke gadina. Rannan na ɗauko tsani zan gyara ƙwan lantarki kawai, duk suka miƙe tsaye, Margaret ta ce, "Alhaji, a riƙe maka?"

Lauyan ma ashe holoƙo ne. Da na gaya masa gaskiya, ya cire tabarau ya ce, "Haba Alhaji! Ai ni na ɗauka bishiyar juya ce." Mutum da kwat da mota bai san lokacin furen mangwaro ba! Muka je neman a matso da zama kafin furen ya zama 'ya'ya, magatakarda ya ce ai mu muka roƙi Afrilu, kuma an riga an cike ranakun da ke gabanta.

Maganar durƙuso kuwa ki bar ta. Ba zan roƙi mai fartanya ba. Fure ai ba ɗa ba ne, iska ɗaya mai ƙarfi ta ishe shi. Tun da Malam ya ƙi shaida, ko addu'a ya yi mana a samu iskar. A gaida gida.

Datti

Karmo
Afrilu, 2006

Alhaji Datti ɗana,

Ina gaisuwa, ina gaida madam da yara. Margaret ne yana rubuta mini.

Jiya ba ka zo kotu ba, shago kuma a kulle, lauyanka ya ce ba ka da lafiya. Allah ya ba da sauƙi. Alƙali ya ƙi ɗagawa, ya ce a je a ga bishiya. Mun je. Bai tambayi kowa komai ba, ya ɗaga kai kawai, reshe yana taɓa rufin motarsa don nauyi. Ya ce alkawari ya cika, ka kwashe kaya kafin ƙarshen wata.

Tun shekarar farko da ka hau tsani na gani. Na yi shiru domin yaranka ƙanana ne lokacin. Ɗakin Karmo na ajiye maka har Kirsimeti, ba ka zo ba, na ba wani tela, Manniru.

Ga kwando ɗaya na nunan fari. Haƙƙinka ne, kai ka zauna da bishiyar.

Naka,
Dominic

Tudun Wada, Zariya
Afrilu, 2006

Datti,

Salamu alaikum. Direban tasharku da Baba Dominic ya ba saƙon ya ce ka ƙi karɓar kwandon mangwaron, ka jefa takardarsa a ciki, shi ya sa ya kawo mana duka. Na karanta, mun kuma sha. Malam ya ce bai taɓa shan mai zaƙinsa ba.

An share muku ɗakin soro, ku taho da yaran. Addar ka bar ta can, muna da gwaba a tsakar gida.

Yayarka,
Zulai