Hancin Baba

Riebeek-Kasteel, 3 ga Yuni

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Anti Hettie ta ce an hana ka waya a asibitin Paarl, shi ya sa na rubuto.

Hankalina a tashe yake. Motar da ke ɗura mana giya a kwalba za ta zo ranar Litinin, ban gama haɗa jar giyar bana ba. Shekara talatin kai kake haɗawa, ni nawa wanke kofuna. Giyar inabin Pinotage ta yi bauri kamar ɗanyar ayaba, ta inabin Shiraz ce za ta tausasa ta. To, ganga ta bakwai ƙaurin hayaƙi nake ji a cikinta, na gobarar dutsen nan ta Janairu da ta turnuƙe gonar inabi. Kawu Kobus ya kurɓa ya tofar, ya ce, "Ke dai da tsoro! Hayaƙin a kanki yake. Zuba kawai."

In na kuskure, aikin shekara ya tafi, ga sunanka a kowace kwalba. Na aiko ƙananan kwalabe uku, kowace da irin haɗinta. Ka shaƙa ka gaya mini.

Taka,
Elsabé

Paarl, 5 ga Yuni

Elsabé,

Ina gaida ki. Kwalabe sun iso. Ke me kika ji?

Babanki

6 ga Yuni

Baba,

Ina kwana. Wannan ce amsar? Kullum haka kake yi mini, ka miƙo kofin giya ka ce "me kika ji", in faɗa ka gyaɗa kai. Yanzu ba lokacin karatu ba ne! Kwalba ta uku, wadda babu ganga ta bakwai a haɗinta, ita ta kwanta mini: ƙamshin baƙin barkono, ɗan tsami a ƙarshe. Amma wace ce ni? Ko abinci na kasa ci. Don Allah ka yanke.

A huta lafiya,
Elsabé

Paarl, 7 ga Yuni

'Yata,

Gaisuwa. Kada Kobus ya ga takardar nan.

Tun zazzaɓin da ya kwantar da ni shekara huɗu da suka wuce, hancina ya mutu. Ko ƙamshin gahawa ba na ji. Kunya ta hana ni faɗa. Ba koya miki nake yi ba, tambayarki nake yi. Giyar shekara huɗun nan da aka yaba mini, taki ce.

Bar ganga ta bakwai a waje. Ki yafe mini.

Babanki,
Gideon