Ban ƙone takardun Hadiza ba

Ɗana Sani,

Ina gaishe ka. Ya Duwala, ya kasuwa? Ya matarka da yara? Mu nan Garwa lafiya, sai ƙafar nan tawa.

'Yarka Hadiza ta zo ta ɗaya a gasar zane ta makarantarsu. Jarumin nan na talabijin da take so, shi ta zana, yana tsalle daga gadar Binuwai, labari shafi huɗu. Da ta fara nuna min na ce, "Ke, bai yi ba. Jirgin ruwan da ke can ƙetare ya kai na gabanmu girma? Ina idonki?" Kwana biyu ba ta ci tuwona ba.

Na ja ta bakin kogi, na ce ta miƙa hannu ta rufe masuncin can nesa da babban yatsa. Ya ɓace, har jirginsa. Ta koma gida ta sake zanen duka. Malaminsu ya ce in ka kalla kamar za ka faɗa ruwan.

Ka ce a ƙone takardun zanenta. Ban ƙone ba, ba kuma zan ƙone ba. Aiko mata da fenti.

Ka sa mu a addu'a. Gai da baffanka.

Uwarka,
Asabe